Ɓarnar Kurege Da Gafiya A Gonaki Da Lambunan Ƙasar Kazaure

Kowace shekara idan ruwan shuka ya sauka a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, akwai wata ƙara da malaman gona suka saba ji. Manomi ya shuka gyaɗa, ya ba ta kwana bakwai ko goma, ya je zagaya, sai ya tarar layi ɗaya ya tsira, na kusa da shi kuwa duk gurbi ne. Da fari yakan ɗora wa wanda ya sayar masa da iri laifi, ya ce tsohon iri aka ba shi. In ba haka ba, ya ce ruwa ne bai jiƙa ƙasa ba. Amma da zai durƙusa ya duba sosai, da ya ga kowane gurbi an tone shi, ga 'yar ƙasa a gefe, ga jan ɓawon gyaɗar a yashe. Iri lafiyarsa lau. Kurege ne ya bi sawun mai shuka, rami bayan rami, ya kwashe.

Asarar ta wuce kuɗin iri. Daminar wannan yanki gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, wanda kuwa ya sake shuka bayan mako biyu ya san gyaɗarsa tana iya rasa ruwan ƙarshe da za ta cika ƙwaya da shi. Masu lambu su ma ba su tsira ba. Mai dankali yakan ga ganye kore shar, ran haƙa ya tarar rabin 'ya'yan an rarake su ta ƙarƙashi. Mai tumatir yakan sako ruwa da injin da ya sha man fetur, ruwan ya bi wani rami ya ɓace kafin ya kai fangali na ƙarshe.

A Ingila masu lambu suna fama da wata 'yar dabba da suke kira mol, mai tura tulin ƙasa sama cikin ciyawar ƙofar gida. A Amurka kuma akwai wadda ake kira gofa, mai cin saiwar shuka daga ƙasa. Duka biyun babu su a ƙasar nan, saboda haka wanda ya ga hotonsu a jikin kwalin magani a kanti ya sani ba don gonarsa aka yi shi ba. Masu ramin da ke nan daban ne, kuma ƙasar ta dace da su ƙwarai. Ga duwatsun Kazaure da Roni masu kogo da tsaga. Ga jigawar Babura mai sauƙin haƙa. Ga kuma lambunan bakin Kogin Gari da na dam ɗin Muhammadu Ayuba, wanda aka gina tun ƙasar tana cikin Jihar Kano, inda ɗanyen abinci ba ya yankewa rani da damina.

A San Mai Ramin Tukuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga rami a zuba masa guba ba a san ko na wane ne ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi da lokacin fitarsa, da abin da yake ci, da kuma abin da ke kama shi.

Kurege kowa ya san shi, da farin layi a haƙarƙarinsa da wutsiya mai gashi buzu-buzu. Shi mai yawon rana ne. Yakan fito da hantsi, ya ɓuya in rana ta take, ya sake fitowa da la'asar. Yana son ya yi rami a gindin suri, ko ƙarƙashin saiwar itace, ko tsakanin duwatsu, kuma ramin yakan zama da ƙofa fiye da ɗaya. Macen takan haifi 'ya'ya uku ko huɗu, watau ba yawan haihuwa ne ƙarfinsa ba. Ƙarfinsa wayo ne da naci. Guda biyu ko uku sun isa su lalata shukar gyaɗa ko masara a gefen gona cikin 'yan kwanaki, domin abin da bai ci ba yakan ɗauka ya binne a wani wuri.

Gafiya kuwa sai dare. Babba ce, takan kai nauyin kilo 1 zuwa 1 da rabi, tsawonta har da wutsiya ya kusa ƙafa 3, rabin wutsiyar na ƙarshe fari ne. Abin da ya sa ɓarnarta ta fi ta sauran shi ne jakar da Allah Ya yi mata a kumatu biyu. Ba ta zama ta ci a gona. Sai ta cika kumatu da gyaɗa ko masara ko wake, ta kai rami ta zazzage, ta komo, ta yi ta jigila har asuba. Daga nan ne Bahaushe ya samo maganarsa ta gafiya tsira da na bakinki. Raminta kamar gida ne, da ɗakin kwana, da ɗakin ajiya, da wurin ba-haya daban, da ƙofar gudu wadda takan toshe da ƙasa sama-sama. Masu haƙa sukan tarar da tarin hatsi da gyaɗa a ciki, wani lokaci har da abin da ba a ci, kamar ƙusa ko kwabo. Ita ce mai rarake dankali da rogo, ita ce kuma mai shiga ƙarƙashin katangar sito. Cikinta wajen wata ɗaya ne, takan haifi ɗaya zuwa biyar. Wani abin mamaki, a garin Morogoro na Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana koya wa 'yar'uwar gafiyar nan sansano nakiyar da aka binne a ƙasa, har a 2020 aka ba ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, lambar zinariya saboda aikin da ta yi a Kambodiya. Hancin da ke gano nakiya, ina wuyar gano gyaɗa a gare shi?

Sa'an nan ga ƙananan ɓeraye, waɗanda su ne suka fi kowa yawa. Akwai mai launin ƙasa-ƙasa da ke zama a kunyar lambu da bakin hanyar ruwa, yana fita da rana, ana gane shi da 'yan hanyoyin da yake tattakewa cikin ciyawa. Shi ke yanke shinkafa da alkama daga gindi, ya ƙwaƙule tumatir. Akwai na jigawa mai dogayen ƙafafun baya, wanda ke tone gero in an yi binne kafin ruwa. Akwai kuma wanda ke kai da kawowa tsakanin gona da gida, macensa tana da nonuwa da yawa, har fiye da goma sha shida. Wannan na ƙarshe a riƙe shi a zuci, za a komo kansa.

Amma akwai wadda ake kashewa a banza, ita ce jaba. Don tana da wari, da dogon baki, da tsuwa cikin dare, sai a lissafa ta cikin ɓeraye. Jaba ba ɓera ba ce, haƙoranta ma ba na gaigayar hatsi ba ne. Dangin mol ɗin nan ce ta Ingila, abincinta kyankyaso da gyare da tsutsa da gwazarma. Mai lambun da ya kashe jaba ya kori ɗan ƙwadagon da ba ya karɓar lada.

Hanyar gane ramin da ke da mai shi ba ta da wuya. Da yamma a bi gona a toshe kowane rami da ƙasa, a take da ƙafa, a barbaɗa toka a bakinsa. Da sassafe a koma. Wanda aka tarar a buɗe na mai yawon dare ne, sawun da ke kan tokar zai nuna ko gafiya ce ko ƙaramin ɓera. Wanda bai buɗe ba sai da hantsi, na kurege ne. Wanda ya kwana biyu a toshe kango ne, kada a ɓata masa lokaci. Sai dai fa a kiyaye abu ɗaya: ko kusa kada a sa hannu cikin rami, kada kuma a bar yaro ya sa. Kububuwa da gamsheƙa suna son tsofaffin ramuka. Sanda ita ce mai shiga.

Lokacin Yaƙi

Yawancin manoma ba su tunawa da ɓera sai da kaka, sa'ad da ɓarna ta fito fili. A lokacin kuwa an makara. Ɓeraye suna haihuwa ne in abinci ya yawaita, daga tsakiyar damina zuwa kaka. Da rani suna ta raguwa, har a kai bazara, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da suka fi ƙaranci, ga yunwa, ga ciyawa ta ƙare, ramukansu suna fili. To, wannan shi ne lokacin da ya kamata a far musu.

Ga lissafi don malamai masu son alƙalami. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa cikinsa mako uku ne da 'yan kwanaki, macen kuma takan haifi wajen goma a ciki ɗaya. A ce ta haihu a Yuli da Agusta da Satumba da Oktoba, 40 ke nan. Cikin goman farko a ce biyar mata ne, kafin Oktoba sun isa haihuwa, kowace ta kawo goma, 50 ke nan. An sami 90 daga mace ɗaya cikin damina ɗaya. Gaskiya ne ba dukansu ke rayuwa ba, amma duk da haka wanda ya kama wannan mace a Mayu ya yi aikin da tarko ɗaya ba zai yi ba a Oktoba. Masu lambun bakin dam su nasu lokacin shi ne kafin a yi dashe, domin a wurinsu abinci bai yankewa, haihuwar ma takan zarce.

Akwai kuma shekarun da abin kan zama annoba. Bayan babban farin 1973, a 1975 da 1976 ɓeraye suka yi ambaliya a ƙasashen Sahel. Haka aka sake gani a 1986 da 1987 bayan farin 1984, a Nijar da Chadi da Mali da Sudan, har waɗansu manoma suka yi shuka sau biyu sau uku. Dalilin shi ne, fari yakan rage ɓera, ya rage masu cin ɓera. In ruwa ya komo, ciyawa ta yi 'ya'ya, ɓera ya riga maƙiyansa farfaɗowa. Mutanen Babura da ke bakin iyakar Nijar ya kamata su sa ido duk shekarar da damina mai kyau ta biyo bayan fari.

Aikin farko shara ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tarin kara da aka jingine a gefen lambu, da tsohuwar danga da ta faɗi, da ciyawar da aka bari a kan iyakar gona don kowa yana cewa ta maƙwabcinsa ce, da juji a bayan rumbu, duk masauki ne. A kwashe su. A nome gefen gona da kunyar hanyar ruwa fes, faɗin taki biyu ko uku, gama ɓera yana tsoron ratsa fili inda shaho zai hango shi. In amfani ya nuna kada a bar shi ya daɗe a tare a gona.

Wannan aiki kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya share lambunsa shi kaɗai, cikin mako biyu ɓerayen maƙwabta sun cike ramukan da ya bari. Abin da ya fi shi ne masu fadama ɗaya su je wurin mai unguwa ko dagaci a tsai da rana, a yi gayya, kowa ya fito da dagi da fartanya da sanda, a fara daga wannan baki a ƙare a wancan. Haka kuma in ya yiwu maƙwabta su yi shuka cikin kwanaki ɗaya. Gonar da ta riga kowa tsira, ko ta yi saura bayan kowa ya girbe, ita ke ciyad da ɓerayen unguwa duka.

Ramin gafiya da na kurege, in ƙasa mai laushi ce, haƙa ta fi komai. A nemo ƙofar gudu tukuna a tsai da mutum da kare a wurin, sa'an nan a bi ramin da dagi. A lambu kuwa ga ruwa a kusa, a karkata bakin tiyo cikin ramin, mai shi zai fito da kansa. Inda dutse ya hana haƙa, kamar gonakin gindin duwatsun Roni, sai hayaƙi: a cusa ƙaiƙayi da busasshen barkono a bakin ramin, a kunna, a yi ta fifita. Amma a tsaya a kan wutar har ta mutu. Samarin da ke cinna wa daji wuta don neman gafiya ɗaya, su ƙone harawa da karmamin mutane da abincin dabbobin makiyaya, ɓarnarsu ta fi ta gafiyar nesa. In an gama da rami a rushe shi a take, kada wani ya gāje shi.

Tarko yana da ladabinsa. Ɓera yana ƙyamar baƙon abu, saboda haka a ajiye tarkon da abinci a kansa dare biyu ko uku ba a ɗana ba, sai ya saba, sa'an nan a ɗana. A sa shi a kan hanyarsa, jikin katanga ko gindin danga, kada a tsakiyar fili. Ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da busasshen kifi sun fi jan su. Na kurege a ɗana da asuba a kwance da dare, na gafiya a ɗana da magariba a ɗaure shi da waya a jikin turke, don tana iya jan sa ta tafi. Tarko goma cikin dare uku sun fi tarko ɗaya wata guda. Ƙananan ɓeraye kuwa ga dabara mai araha: a binne tsohon tulu ko bokiti har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a zuba ruwa rabi, a rufe fuskar ruwan da ƙaiƙayi da 'yar dusa. A rufe shi da rana saboda kaji da yara.

Wurin renon tumatir da tattasai, da dashen mangwaro da gwaiba, ƙananan wurare ne, ana iya kewaye su da ragar waya mai ƙananan ido. A binne gindin ragar ƙafa ɗaya cikin ƙasa, a lanƙwasa bakinta waje, don mai haƙa ya ci karo da ita. Haka masu lambun Amurka ke kare dashensu daga gofa. Rumbu kuma a ɗaga shi, a share ƙarƙashinsa, a sa wa ƙafafunsa hular kwano mai kallon ƙasa, kada a jingina masa tsani ko kara, kada reshen itace ya taɓa jinkarsa.

Batun Guba

Guba ita ce ta ƙarshe, ko da yake mutane ita suke fara nema. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai kashewa nan take, irin baƙin garin nan mai warin tafarnuwa. Aibinta shi ne ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan ya yi ciwo bai mutu ba, ba ya sake kusantarta, sai a kashe wawaye a bar masu wayo. Ba ta kuma da makari in mutum ya ci. Akwai kuma mai tsinka jini, wadda ke kashewa bayan kwana uku zuwa bakwai. Ta farko cikin irinta, mai suna wafarin, an fara amfani da ita a Amurka a 1948, amma a 1958 aka sami ɓerayen da ba ta kashewa a Sikotilan. Waɗanda aka ƙago bayanta sun fi ƙarfi, suna kuma daɗewa a jikin mushen, har duk abin da ya ci shi ya kamu.

Wanda ya ga lalle sai ya sa, to, ya sayi mai lambar NAFDAC a jikin kwalinta, ya nemi malamin gona na JARDA ya karanta masa. Shinkafar ɓera da ake ƙullawa a leda ba suna ba bayani, a bar ta a inda aka gan ta, labarin yaran da ta hallaka ya isa haka. Kada a watsa guba a fili. A sa ta cikin guntun bututu, ko ƙarƙashin kifaffen kasko da aka fasa wa 'yar ƙofa, yadda kaza da zabo da akuya ba za su kai ba. A gaya wa maƙwabta da samari masu farauta, domin akwai masu cin gafiya da kurege. Fiya-fiya maganin ƙwari ce, ba ta da aiki a nan. Ƙwayar nan kuma da ake sa wa hatsi a buhu, da ta ji laima sai ta saki iska mai kisa, kada a jefa ta a ramin da ke cikin ɗaki ko jikin katangar da mutane ke kwana. In tsautsayi ya sa wani ya ci guba, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalin, gama mai tsinka jini tana da makari, bitamin K, in likita ya san ita ce.

Babbar asarar guba ita ce kashe masu taimako. Mage, da shaho, da tunku ko da yake yana taɓa kaji, duk suna rage ɓera. Amma babu kamar mujiya, wadda ake jifa ana cewa mugun tsuntsu ce. Mujiya mace da namiji masu renon 'ya'ya suna cin ɓera fiye da 1,000 a shekara. A gonakin kwakwar manja na Malesiya da gonakin kwarin Kogin Jodan har akwati ake kafa mata a kan dogon turke don ta zauna ta yi ƙwai. A nan ba a ce sai an yi mata akwati ba. A bar ta a kogon kukarta, a kafa sanda mai gilme a tsakiyar gonar shinkafa ko alkama inda za ta sauka ta yi dako.

Saura ɓeran nan mai nonuwa da yawa da aka ce a riƙe. Shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno yanzu. Shi ɓeran ba ta yi masa komai, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa, tana kuma tsananta da rani, daidai lokacin da ya baro gona ya shigo gida da sito. Saboda haka 'yan kasuwa masu ajiyar hatsi su jera buhuna a kan katako, nesa da bango yadda mutum zai iya zagayawa, su toshe kowace kafa da siminti. Mata su rufe gari da tuwon da ya kwana da murfi mai nauyi, a kuma daina shanya abinci a ƙasa inda ɓera ke bi. In za a share sito a yayyafa ruwa tukuna, kada ƙura ta tashi. Mushen da aka ciro daga tarko a ɗauke shi da shebur, ko a sa leda a hannu, a binne shi da zurfin da kare ba zai tone ba, a wanke tarkon da hannu da sabulu. Wanda zazzaɓi ya kama bayan irin wannan aiki, ya sha maganin cizon sauro kwana biyu uku bai sauka ba, ya tafi asibitin Kazaure ko wanda ya fi kusa da shi, ya kuma faɗa wa likita aikin da ya yi.